Katangar da Aka Gina wa Ƙarami

Tun ranar da aka gina masa katanga, babu wanda ya sake zama cin abincin rana da Ƙarami.

Ba katangar bulo ba ce. A babban ofishin lauyoyin da yake aiki, duk lauyan da aka samu yana da alaƙa da abokin shari'ar wanda suke karewa, raba shi ake yi da shari'ar ɗungurungum. A toshe masa fayilolinta a kwamfuta, a ɗauke teburinsa daga cikin masu aikinta, a gargaɗi kowa kada ya ambace ta a gabansa. Wannan tsari suke kira katanga.

Shi dai an mayar da shi wani ɗan ɗaki mara taga, daura da injin kwafin takardu. Can yake wuni yana gyara ƙa'idojin ma'aikata na kamfanonin da bai taɓa taka ƙofarsu ba: wa ya cancanci hutun rashin lafiya, gargaɗi nawa ake yi wa mutum kafin a sallame shi, wace kalma ce ba za ta jawo wa mai kamfani ƙara ba. Shi ne mafi ƙarancin shekaru a sashen shari'ar ƙwadago, abin da ya sa sunan Ƙarami ya bi shi har ya danne nasa na gaskiya.

Idan ya shiga ɗakin shayi, sai hira ta mutu nan take.

"Ango ya shigo, kowa ya kama bakinsa!" in ji Dogo, wanda a da teburinsu ke manne da juna. "Ƙarami, duk 'yan matan duniya ka rasa wadda za ka so sai 'yar wanda ya kai kamfanin da muke karewa ƙara? Ba a koya maka duba fayil kafin duba fuska ba?"

Aka yi dariya. Shi ma ya yi, domin rashin yin ta ya fi ciwo. Ya haɗa shayinsa ya koma ɗakinsa, yana ji hirar ta tashi a bayansa kamar an kunna rediyo.

Malama yake ce wa budurwar tasa, saboda a firamare take koyarwa. Maganarsu ta riga ta yi nisa, iyaye sun sani, sa rana kawai ta rage. Mahaifinta shi ne shugaban masu kula da injuna a wata masana'antar roba; kowa Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa taka jami'a ba. Wata rana wani babban inji ya ƙwace, ya cinye wa wani ma'aikaci yatsu. Kamfanin ya sallami Injiniya, ya ce sakacinsa ne. Dattijon ya kai ƙara, amma don kunya ya hana 'yarsa gaya wa saurayinta.

Saboda haka ranar da manajan masana'antar ya zo ofishinsu domin su kare kamfanin, Ƙarami bai san komai ba. An dai kira shi ne ya zauna a ƙarshen tebur, ya koyi yadda ake yi wa wanda ake karewa tambayoyi. Babbar Lauya, shugabar sashensu, ta rufe ƙofa da kanta, ta ce wa manajan ya saki jiki, abin da ya faɗa a ɗakin nan amana ne.

Manajan ya share zufa.

"Gaskiya tsohon ya sha zuwa ofishina a kan injin nan. Da baki yake faɗa, bai taɓa rubutawa ba. Ni na ce a jira sai mun gama aikin da ke gabanmu. Ku yi yadda za ku yi kada a kai ni kotu. In aka rantsar da ni, wallahi ba zan iya ƙarya ba."

"Wane tsoho?" in ji Babbar Lauya.

"Mai ƙarar. Injiniya muke ce masa."

Ya turo katin aikin dattijon a kan tebur. Ƙarami ya ga fuskar mutumin da yake durƙusawa ya gaisar duk ƙarshen mako. Ya miƙe zumbur ya nemi izinin fita. Amma ya riga ya ji.

A ranar ya bayyana wa Babbar Lauya komai. Ta cire tabarau, ta daɗe tana kallonsa.

"Ka kyauta da ka faɗa da kanka. Za a gina maka katanga. Amma ka fahimci abu guda, Ƙarami. Katangar tana hana sabuwar magana shigo maka ne, ba ta ba wadda ke cikinka izinin fita. Mutumin nan ya yi magana ne saboda na ce masa ɗakin amana ne, kai kuma kana cikin ɗakin. Ranar da ta fita, ba aikinka kaɗai za ka rasa ba, rigar lauya ma za a tuɓe maka. Kuma ko da babu wanda zai sani, ba taka ba ce balle ka bayar."

Daga bakin Malama ya ji sauran. Kamfanin ya nemi sulhu: za a biya dattijon wani abu, ya janye ƙara, amma kalmar sakaci tana nan a kan sunansa. Lauyansa kuma ya ce ya karɓa.

Lauyan nan shi ne Barista, mai ƙaramin ofis nasa na kansa da mota mai sheƙi, wanda ya karɓi shari'ar kyauta. Tun zuwansa na farko gidan aka gane ba shari'ar kaɗai ta kawo shi ba.

Ranar Asabar, yana shirin fita, Yayarsa ta kira shi a waya.

"Auta, ina za ka?"

"Gidansu Malama. Baba ne ya ce in je."

"Baba! Ka ji shi, har da wani Baba. To saurara. Umma ba ta barci saboda kai. Mun sha wahala kafin ka sa baƙar rigar nan, ni har kwanan asibiti na yi da kai lokacin da karatu ya kusa zautar da kai. In ka zubar da ita saboda mace, wallahi da kaina zan zo in zane ka, lauya ko ba lauya ba."

"Ba zan zubar ba, Yaya."

"In kuma ka bari yarinyar nan ta kuɓuce maka, babu mai sake zuwa nema maka wata. Da wannan shirun naka, wa zai ɗauke ka?"

"To wanne zan yi?"



"Kai ne mai boko," ta ce, muryarta ta yi sanyi. "Allah ya zaɓa maka."

Motar Barista ya fara gani a ƙofar gidan. Mai motar kuma yana fitowa, jaka a hammata, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

"A'a, manyan ƙasa! Mutanen saman bene! Yaya iskar can sama? Mu dai muna nan ƙasa tare da talakawa."

"Barista, barka da yamma."

"Ka shiga, Baba na jiran ka. Sai dai ka kula da harshenka, abokina. Ni lauyansa ne. In na ji ka taɓa maganar shari'ata, ka san inda zan kai ka." Ya yi murmushi har da dafa masa kafaɗa. "Shawara ce ta ɗan'uwa."

Ƙarami ya dube shi. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne, mutumin bai yi ƙarya ba. Duk lauyan da bai ji abin da shi ya ji ba, zai iya ba da shawarar sulhun da zuciya ɗaya.

Injiniya yana zaune a falo, fanka tana juyawa a hankali a samansa. Ya rame. Hannayensa suna kan gwiwoyinsa, har yanzu da baƙin mai a tsagun fatar, irin wanda sabulu ya daina iyawa da shi. An ajiye kofin shayi a kan ɗan tebur.

"Zauna, ɗana. A'a, hau kujera."

Bayan gaisuwa dattijon ya karkata kai, kamar mai sauraren inji yana neman inda ƙarar take.

"Jibi zan je ofishinku in sa hannu. Haka Barista ya tsara. Ya ce ba ni da shaida, babu abin da na rubuta. Ya ce in na je kotu manaja zai musa, in fito babu suna, babu komai."

Ƙarami ya sunkuyar da kai.

"Ni ba abin da za su ba ni ne a gabana ba. Tun kafin a haifi yarinyar nan nake tsaye gaban inji, ban taɓa barin ko allura ta soki yarana ba. Wanda ya rasa yatsun nan, ni na koya masa aiki. Yanzu in muka haɗu a hanya, kau da kai yake yi. An gaya masa ni ne."

Muryarsa ta karye, ya gyara ta.

"Na san manajan nan. Matsoraci ne, amma wani lokaci zuciyata takan ce mini ba zai iya rantsuwa a kan ƙarya ba. Wani lokaci kuma ta ce mini tsufa ne ke ruɗa ni. Na ji kai ka zauna da shi a ofishinku. In sa hannu, ko in tafi kotu?"

Amsar tana nan a kan harshen Ƙarami, gajeriya, mara nauyi. Ya ji ta tana motsi kamar abu mai rai.

"Baba, ba ni da ikon cewa komai a kan wannan shari'a."

"Ba lauya nake tambaya ba. Ɗana nake tambaya."

"Bakin guda ɗaya ne, Baba."

Dattijon ya gyaɗa kai, kamar dama ya san haka za a ce masa. Ya matso da ɗan teburin gabansa.

"To kada ka yi magana. Ga shayi nan. In kotun ce alheri, ɗauka ka kurɓa. In sa hannun ne, bar shi. Babu wanda zai ce ka buɗe baki."

Ƙarami ya dubi kofin. Tururi yana tashi a hankali. In ya sha, ya ci amanar da aka ba shi. In ya bari, ya yi wa tsohon ƙarya ba tare da ya furta ko harafi ba. Bai taɓa sanin ɗan ƙaramin kofi zai iya toshe wa mutum duk ƙofofin duniya ba.

Ya zame daga kujerar ya durƙusa.

"Baba, don girman Allah ka ji ni da kyau. Ko na sha ko na bari, kada ka ɗauke shi amsa. Shiruna ba amsa ba ne, hawayena ma ba amsa ba ne. Ba ni da amsar da zan ba ka, ta kowace hanya."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Daga bayan labule ya ji wani ɗan sauti, kamar an toshe baki da mayafi.

"Tashi," in ji Injiniya a hankali. "Ban yi fushi ba. Ni ma na riƙe wa mutanen nan sirrin aikinsu tsawon rayuwata, na san mene ne amana. Da ka faɗa, da wataƙila na ji daɗi yau, gobe in raina ka."

Hankalin Ƙarami ya ɗan kwanta.

"Amma ka duba mini wannan. In na ba ka 'yata, za ka riƙa zuwa gidan nan. Za ka durƙusa ka gaishe ni, za mu ci abinci tare, za ka kawo mini jikoki. Ni kuwa duk ranar da na ɗaga ido, fuskarka zan riƙa bincike, ina neman ko na yi daidai ko na yar da sunana da hannuna. Kai ka sani, ni ban sani ba, har in mutu. Ba zan iya ba, ɗana. Ƙarfina bai kai nan ba."

"Baba..."

"Barista ya turo manyansa. Ban ba su amsa ba tukuna. Je ka, Allah ya yi maka albarka."

A bakin ƙofar gida Malama ta tare shi. Idanunta sun yi ja, alli bai gama fita daga gefen hannun rigarta ba.

"To ni gaya mini."

"Malama..."

"Ba shi ba, ni. Ni ba mai ƙara ba ce, ba lauya ba ce, ba kowa ba ce. Ka gaya mini, ni na san yadda zan yi. Zan ce mafarki na yi."

"In na gaya miki, na gaya masa."

"To sai me? Wa zai sani? Ni zan kai ka ƙara?"

"Ni zan sani."

"Kai za ka sani!" Ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "Ka san abin da nake gani kullum? Da safe yakan sa kayan aiki, ya ɗaure takalmi, sai ya tuna, ya zauna a bakin gado da takalmin a ƙafarsa har rana ta take. Wannan ni na sani. Naka sanin ya fi nawa nauyi ne?"

"Bai fi ba."

"To me ya sa?"

Ya nemi kalmomi. Shi da yake wuni yana zaɓa wa kamfanoni kalmomin da ba za su jawo musu ƙara ba, da ƙyar ya samo waɗanda zai ba ta.

"Mutum ya shigo ɗaki a tsorace, aka ce masa ya faɗi cikinsa babu mai fitar da shi. Ina zaune aka yi masa alkawarin. Gobe wani irin Baba ne zai zauna a gabana ya faɗa mini abin da bai taɓa gaya wa matarsa ba. In na buɗe wannan saboda ina son ki, to kowace amana da ke hannuna tana jiran ranar da zan so wani abu ne kawai."

"Ka iya magana," ta ce tana share ido. "Wallahi ka iya. Sai dai wadda ake bukata ce ba ka iya ba."

Ta ƙara da cewa:

"To ka bar aikin. Ka ajiye musu rigarsu. Zan zauna da kai ko a ɗaki ɗaya ne, albashina zai riƙe mu."

"Ko na bari, amanar tana bi na. Ba a ajiye ta tare da rigar."

"Bayan an gama shari'ar fa?"

"Ko bayan an gama."

"Bayan mun tsufa? Bayan Baba ya..." Ta kasa ƙarasawa. "Wata rana muna zaune mu biyu, babu kowa, in ce maka, maigida, ranar nan da mahaifina ya sa hannu, daidai ya yi? Za ka gaya mini?"

Wannan kalma ta maigida, da bai taɓa ji a bakinta ba sai yau, ta ratsa shi har ƙashi.

"A'a."

"Ko ni?"

"Ko ke."

Ta daɗe tana kallonsa, hawaye na zuba, ba ta ƙara sharewa ba.

"Barista ba ya burge ni," ta ce. "Surutunsa ya yi yawa, turarensa yana sa ni ciwon kai. Amma duk abin da ke cikinsa a waje yake. Jibi ni zan raka Baba. In kana da abin faɗa, kana da sauran lokaci."

Ta shige, ta turo ƙofar a hankali, ba ta buga ba.

Ranar Lahadi bai fita ba. Ya ɗauki waya ya ajiye ya fi a ƙirga. Ya jera wa kansa hanyoyi kamar yadda aka koya masa a jami'a, ya bi kowace har ƙarshenta. Ya ce wa dattijon ya nemi shawarar wani lauya dabam? Daga bakin kowa shawara ce, daga bakinsa amsa ce. Ya roƙi Babbar Lauya a cire kalmar sakaci daga sulhun? Katanga ta hana shi ko ambaton shari'ar, kuma roƙon kansa zai zama hujjar cewa yana yi wa ɗaya ɓangaren aiki. Kowace hanya ya bi, sai ta dawo da shi ɗakinsa, inda babu kowa sai shi da abin da ya ji.

Ranar Litinin ya makara da gangan, don kada su haɗu.

Ya shiga lifta mai kai mutane saman benen, ƙofa tana shirin rufewa, sai ya ji an ce a dakata. Injiniya ne, cikin kayansa mafi kyau, Malama tana riƙe da hannunsa. Barista ya tsaya neman wurin ajiye mota.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau. Mun tashi lafiya?"

Ƙofa ta rufe. Su uku ne kawai. Bangon liftar duk madubi ne, duk inda Ƙarami ya kai ido sai ya tarar da idon dattijon yana jiran sa. Ya dubi takalmansa. Lambobin hawa suna canzawa a sama da ƙofa, ɗaya bayan ɗaya. Babu mai ji, babu mai gani. Yana jin numfashinta a kusa da kafaɗarsa.

Liftar ta tsaya a hawan ɗakin taro. Nasa yana gaba.

Dattijon ya fita a hankali, bai waiwaya ba. Malama ta taka waje, sannan ta juyo ta sa tafin hannunta a bakin ƙofar. Ƙofar ta taho, ta taɓa hannun, ta koma. Ta sake tahowa, ta sake komawa.

Kallonsa kawai take yi.

Ƙarami ya buɗe baki. Ya ji amsar ta hau har maƙogwaronsa, ya ji ɗuminta.

"Allah ya ba da sa'a," ya ce.

Ta gyaɗa kai sau ɗaya, ta janye hannunta.

Ƙofar ta rufe, liftar ta ci gaba da hawa da shi kaɗai.